Ka Waiwaya Kafin Ka Kwantar Da Kujera

Unguwar Sarki,
Kaduna.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya ɗaga ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya tsare ka a sama kamar yadda Ya tsare ka a ƙasa, Ya haɗa ka da abokan zama masu tsoronSa. Na cusa wannan takarda a aljihun da kake ajiye fasfo, don na san nan ne kaɗai hannunka ba zai ƙi zuwa ba. Ka karanta ta a jirgin ƙasa tsakanin Rigasa da Abuja, tun kafin ka taka ƙofar jirgin sama.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda yau ka baro shi. Raina ne a ɓace tun ranar Laraba, kuma ba na so ka tsallaka teku da abin a cikina.

Ina bayan kicin ina daka maka yaji lokacin da abokinka Nura na Kurmin Mashi ya zo yi maka sallama. Duk hirarku a kunnena. Yaron da sau ɗaya tak ya taɓa hawa jirgi, shi ne ya zama malamin tafiya. Na ji shi yana cewa, "Da jirgi ya daidaita a sama, ka danna maɓallin nan ka tura kujera baya har ta ƙure. Kar ma ka waiwaya. In na bayanka ya yi ƙorafi, ka toshe kunne ka yi kamar ba ka ji ba. Ai kuɗinka ka biya." Kai kuma, Abba, ka ƙyalƙyale da dariya har da tafawa. Wallahi saura ƙiris in fito muku da taɓaryar a hannuna. Na danne ne kawai don ba na so in yi maka faɗa a gaban baƙo.

Amma ba Nura ne ya fi ƙona min rai ba. Maganar da ya faɗa, ni na riga shi faɗinta, da bakin nan nawa da nake yi maka addu'a da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka saurara.

Kana aji uku a firamare ma'aikatarmu ta tura ni kwas Ingila. A lokacin ba a daɗe da ba ni mataimakiyar darakta ba, kaina ya kumbura, ina jin kamar ƙasar nan a tafin hannuna take. Na sha leshi, na kafa ɗaurin ɗankwali, na shiga jirgi ina taku ɗai-ɗai. Da safe muka tashi daga Abuja. Ana cikin rabon abinci na ce ni ba na ci, barci nake ji. Na danna maɓalli, na jefa bayana da dukkan nauyina kamar ina kan kujerar ofishina.

Sai na ji ƙarar kofi, na ji salati.

Wani dattijo ne a bayana, dogo, siriri, mai farin gemu. Ka san ɗan teburin cin abinci a bayan kujerar na gaba yake manne. Da na tura tawa, shayi mai zafi ya kife masa a cinya, shinkafa da miya suka wanke gaban farar rigarsa. 'Yarsa tana gefensa, tana ta goge masa da bakin mayafinta.

Da Hausarsa ta Katsinawa, a hankali, ya ce, "Baiwar Allah, don Allah ki ɗan ɗaga kaɗan. Gwiwata ce."

Ka san abin da uwarka ta ce? Ko juyowa sosai ban yi ba. Ta kan kafaɗa na ce, "Malam, kujerata ce. In fili kake so, da ka sayi tikitin gaba."

'Yar ta leƙo ta tsakanin kujeru ta ce, "Hajiya, aiki za a yi masa a gwiwar, shi ya taso mu. Ba ya iya lanƙwasa ta. Kujerarki a kanta take zaune."

Na ce, "To ku yi da masu jirgin. Ba ni na ƙera shi ba."

Dattijon ya ce, "Rabu da ita, Hadiza. Allah Ya ba mu haƙuri."

Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta roƙe ni in ɗaga har a kwashe kwanuka. Na ɗaga ina tsaki. Ana kwashewa na sake mayar da ita, har ƙarshe, don kar a ce an fi ƙarfina. Barcin da na ce ina ji kuwa bai zo ba. Ina jin ƙashin gwiwar bawan Allahn nan yana tokare da bayana ta cikin soson kujera. Ina jin numfashinsa duk lokacin da jirgi ya girgiza. Ina jin yana jan carbi. Na san abin da nake yi, Abba. Ba rashin sani ba ne. Girman kai ne tsagwaronsa, wai don na riga na yi magana ba zan janye ba. Haka muka yi awa biyar ko fiye.

Da muka sauka, sai da maza biyu suka ciccibe shi suka ɗora a keken marasa lafiya. Ƙafar ta kumbura har takalmin ya ƙi shiga, 'yar ce ta riƙo shi a hannu. A doguwar hanyar da ake bi zuwa wurin duba fasfo suka zo wucewa ta gefena, jirwayen miya yana nan a ƙirjinsa. Ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, an sauka lafiya? Allah Ya ba da sa'ar abin da aka zo nema."

Na ce, "Amin." Shi ke nan abin da na ce. "Yi haƙuri" tana bakina, na haɗiye ta. 'Yar kuwa kallona kawai ta yi daga ɗankwali har takalmi, ta tura ubanta suka wuce.

Ban san sunansa ba. Abin da na sani kawai Bakatsine ne, yana da 'ya Hadiza. Hadiza nawa ce a Katsina? Ina zan fara? Yadda na gan shi a lokacin, da wuya in yana raye yanzu. Laifin da ke tsakaninka da Ubangiji kana iya tuba Ya yafe maka, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ni kuwa na bar mai shi ya ɓace min a cikin taron Turawa. A kan me? A kan tazarar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Saboda haka ka ji da kyau. Kujerar taka ce, gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce haramun ne ka kishingiɗa. Tafiyarka doguwa ce, ka ce min za ku wuce awa goma sha a sama, ba wanda zai zauna ƙiƙam kamar an dasa shi. Amma filin da kujerar take faɗawa in ka tura ta, ba naka ba ne kai kaɗai. Nan gwiwar wani take, nan abincinsa yake, nan wata take rungume da jaririnta. Ka tuna gidan kawunka na Doka, da maƙwabcinsa ya juya indararo yana zuba masa ruwa a tsakar gida, da aka yi magana ya ce ai rufinsa ne? Har da kai a masu cewa mutumin nan ba shi da mutunci. To duk wanda ya jefa kujera baya bai duba ba, shi da mai indararon nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ka waiwaya tukuna. Wuyanka ba zai karye ba. Ka ga wane ne a bayanka: tsoho ne, mai ciki ce, dogo ne irinka, ko wani ne ya buɗe kwamfutarsa a kan ɗan teburin. Ka buɗe baki ka ce, "Zan ɗan kwantar da kujera, ba damuwa?" In ba ku jin yaren juna, ka nuna da hannu, ka saki fuska, zai gane. Sannan ka tura a hankali, ba irin turin da ake yi wa motar da ta mutu ba. In rabi ya ishe ka, ka tsaya a rabi. In aka fara rabon abinci kuwa, ka miƙar da ita ko da kai azumi kake yi, kada ka jira sai ma'aikaciya ta zo ta roƙe ka kamar ƙaramin yaro. In na baya ya ce maka yana da lalura, ka yarda da shi. Ba sai ya kwance bandeji ya nuna maka ba.

Kada ka ɗauka na wanke masu jiragen. Su ma ina ciki da su. Sun matse kujeru sun jera bayin Allah kamar kifin gwangwani, sun sayar wa mutum biyu fili ɗaya, sannan sun koma gefe suna kallo ana cacar baki. Zalunci ne. Amma wanda ke bayanka ba shi ya matse kujerun ba. Shi ma matse shi aka yi.

Za ka ce daga ranar na shiryu. Ina fa! Kuskurena na biyu juya na farkon na yi kamar waina.

Shekarar da muka je Umara da ƙanwata, Antinka Bilki, wata matashiya ce a gabana. An ajiye min abinci ke nan, na sunkuya zan buɗe, sai ji na yi kujera ta daki goshina, tabarau ya faɗi cikin miya. Abba, maimakon in taɓa kafaɗarta in yi mata magana, sai na yi gum. Na kafa gwiwoyina biyu a bayanta ina dannawa. Na tashi zuwa banɗaki sau uku ba don ina ji ba, sai don in kama kan kujerarta in jijjiga da sunan dafawa. A zuciyata ina cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Dubi wautar, ni da na yi wa wani abin da ya fi wannan sau goma.

A karo na uku ta cire abin da ta toshe kunne da shi, ta juyo. "Mama, lafiya?"

Nan na fashe. Na ce mata marar tarbiyya, na ce iyayenta ba su koya mata komai ba, na ce 'ya'yan zamani ba su san darajar manya ba. Muryata har wutsiyar jirgi. Mutane suka miƙe suna leƙe, wani har ya ɗaga waya yana ɗauka. Bilki tana jan hijabina tana cewa, "Yaya, Ɗakin Allah fa za mu. Yaya, don Allah."

Yarinyar nan ta bari na gama tas. Idonta ya ciko. Ta ce, "Mama, wallahi ban san an kawo abinci ba, idona a rufe yake. Da kin taɓa ni kin faɗa, da tuni na ɗaga. Ki yi haƙuri."

Ta miƙar da kujerar, ba ta ƙara kwantar da ita ba har muka sauka, ko da kowa ya kishingiɗa. Ni kuma na zauna da fili a gabana da kunya a cikina. Wannan karon dai Allah Ya taimake ni, wurin jiran kaya na same ta na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Amma zagin da na yi wa iyayenta a gaban mutane, ba a wurin jiran kaya ake kwashe shi ba.

To kai ma za a yi maka. Da tsawon ƙafafun nan naka irin na gidanku, tabbas wani zai sauke maka kujera a gwiwa. Abin haushi ne, na sani, kuma wasu da gangan suke yi, sun san kana nan, ba su ɗauke ka mutum ba ne kawai. Duk da haka kada ka yi yaƙi da gwiwa. Kada ka jijjiga kujerar kowa, kada ka yi ta tsaki kana zage-zage ƙasa-ƙasa. Allah Ya ba ka baki. Ka ce, "Don Allah ɗan ɗaga kaɗan, ƙafata ta matsu." Mafi yawan mutane za su ɗaga. In ya ƙi, ka kira ma'aikatan jirgin, aikinsu ne. In su ma ba su iya ba, ka tashi ka ɗan taka, ka dawo ka yi haƙuri, tafiya ce, za ta ƙare. Kuma ka tuna kai baƙo ne, da koren fasfo a hannunka. In hayaniya ta tashi a jirgin mutane, ba za a tsaya tambayar wa ya fara ba. Kai za a fara kallo.

Na ukun ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Bilki.

Ka tuna dawowarmu daga Masar, bayan an yi wa mahaifinka aiki a ƙashin baya? Kana jami'a a Zariya, ka zo Abuja tarbarmu. Ka ga fuskarsa ta yi fari fat, ka tambaye ni, na ce maka gajiyar hanya ce. Ba gajiyar hanya ba ce.

Likita ya gargaɗe mu kada ya daɗe a zaune a miƙe, ya kishingiɗa gwargwadon iko. Har takarda ya rubuta mana, tana cikin jakata. A bayan mahaifinka aka zaunar da wani ƙaton mutum cikin babbar riga, wayoyi uku a hannu, tun shigowarsa yake faɗa wai an hana shi kujerar gaba. Masu wucewa suna ta "ranka ya daɗe." Da jirgi ya daidaita, mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ya yi duk abin da na lissafa maka a sama. Ya juya da ƙyar, ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, zan ɗan kwantar da kujera kaɗan."

Bai ko amsa sallamar ba. Kujerar ta fara motsi ke nan ya sa hannu ya tunkuɗo ta gaba da ƙarfi. Na ji mahaifinka ya ja numfashi ta haƙori.

Mutumin ya ce, "Malam, ba ka ga ina aiki ba ne? Ku mutane ba ku da lissafi."

Mahaifinka ya ce, "Yi haƙuri."

Shi ne ma ya ba da haƙuri! Mutumin da ɗinki ke bayansa ɗanye! Har yau in na tuno fuskar wancan mai babbar riga sai in ji jinina yana tafasa. Amma fushin da nake yi da shi bai kai wanda nake yi da kaina ba. Ni da na iya ɗaga murya a kan tabarau, ranar da ya kamata in yi magana sai na zama kurma. Na ce wa kaina ai ni ba ni da bakin magana a kan kujera, bayan abin da na taɓa yi. Na ce wa kaina haƙuri ya fi. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoron rigar na ji. Na ga babban mutum ne, na ce kar a yi abin kunya. Tsoho mai ciwo, na iya taka shi; yarinya, na iya zaginta; amma da na ga wanda ya fi ni, sai na naɗe kamar tabarma.

Awa huɗu mahaifinka yana zaune a miƙe. Gumi yana bin wuyansa duk da sanyin jirgi. Ya riƙe hannuna yana matsawa har zobena ya shige cikin yatsa. Ni kuma ina ta ce masa, "Sannu, an kusa."

Sai da ya rage saura kaɗan a fara sauka wata ma'aikaciya ta lura da shi, ta durƙusa ta tambaya. A lokacin na zaro takardar likita. Ta karanta, ta dube ni, ta ce me ya sa ban faɗa ba tun farko? Ashe can baya akwai layi guda babu kowa a kai, kujeru uku a jere, da ya kwanta abinsa tun tashinmu. Ta kama shi muka kai shi. Bai fi minti ashirin ya samu ba aka ce kowa ya miƙe kujera ya ɗaura bel.

A mota, kai kana gaba kusa da direba, mun wuce Zuba, ya jingina da kafaɗata ya yi magana yadda ba za ka ji ba. Ya ce, "Rabi, ni ciwo ne ya hana ni magana. Ke me ya hana ki?"

Na kawar da kai na dubi titi. Shi kuma bai ƙara tayar da zancen ba, har Allah Ya karɓi abinSa. Sati biyu ya yi bayan tafiyar nan ba ya iya juyawa a gado sai an juya shi, ni nake juya shi, kuma bai taɓa yi min kallon zargi ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Kunyar marar kunya asara ce, Abba. Ladabi daban, tsoro daban, kada ka bari su rikice maka kamar yadda suka rikice min. In kai ne mai lalura, ka faɗa tun kana shiga, kada ka jira a gani a fuskarka. In kuma ka ga ana danne wani a gefenka, tsoho ne, mai jinya ne, ko mace da goyo, ko ba ka san shi ba, ka yi magana. Ba zagi ba, ba hayaniya ba. Ka danna ƙararrawar kiran ma'aikata, ka faɗi abin da idonka ya gani, ko mai laifin rawani goma ya naɗa. Ba a sama kaɗai ba. Inda za ka, za ka zauna da mutane a aji, a ɗaki, a layin abinci, kuma kullum akwai wanda ke bayanka da wanda ya fi ka. Yadda ka yi da su biyun shi ne tarbiyyar da za a ce daga gidan nan ka ɗauko ta.

Na yi maka magana da zafi, na sani. Ba don na raina hankalinka ba ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma gara ka gani a kaina da ka ɗanɗana da kanka.

Allah Ya yi maka albarka. Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya sa jirgin da zai ɗauke ka ya sauka da kai cikin aminci, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya raba ka da haƙƙin kowa, babba ko ƙarami. Ya dawo min da kai ina raye. In kun daidaita a sama ka samu natsuwa, ka yi wa mahaifinka addu'a, ka roƙa masa shimfiɗa mai faɗi inda yake.

In ka sauka kada ka turo min saƙo a rubuce. Ka kira, muryarka nake so in ji.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi